Helikwafta Mai Rimot: Fara Sanin Inda Za Ka Tayar Da Shi Kafin Ka Biya Kuɗi



A Sallar da ta gabata na saya wa ɗan yayana ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, irin na wasa mai rimot ɗin nan. Mai shagon ya juya mini kwalin, ya nuna wani rubutu ya ce, "Malam, wannan ciki da waje duk yana yi." Ban tsaya duba komai ba, na biya. Washegari da hantsi yaron ya fito da shi tsakar gida, ƙannensa sun kewaye shi ana ta murna. Jirgi ya ɗaga, ya haura igiyar shanya, yana shiga hasken rana sai ya daina jin umarni. Yaro na ta murza rimot, jirgi bai ma san yana yi ba. Iska ta kwashe shi ta ƙetare katanga, sai ƙararsa muka ji a kan kwanon maƙwabta. Sai da muka yi sallama da maigidan, aka aro tsani, sannan aka sauko da shi, farfela a karye, bindi a lanƙwashe. Wasan bai kai minti biyu ba, kukan yaron kuwa ya kai azahar.

Daga baya na zauna na duba, na gane jirgin nan lafiyarsa ƙalau. Na ɗaki ne, mu muka fitar da shi waje. Kuskurena shi ne na zaɓi jirgi kafin in zaɓi wurin da za a tayar da shi.

To ga ra'ayina a taƙaice, sauran bayanin zai biyo baya. A cikin masu arahar nan da ke cika shaguna da kasuwannin intanet, kada ka yarda da maganar jirgi ɗaya da zai yi maka ɗaki ya yi maka fili. Kowanne da wurinsa. Kuma idan wannan ne jirginka na farko, ko yaro za ka saya wa, ka sayi ƙarami na ɗaki ka bar shi a ɗaki. Na fili sai hannu ya faɗa.

Abubuwa uku ne ke raba na ɗaki da na fili, kuma dukkansu za ka iya gane su daga jikin kwali ko daga bayanin da ke ƙarƙashin hoton kayan a wayarka.

NA FARKO: DA ME RIMOT ƊIN KE MAGANA DA JIRGIN?

Hanya biyu ce. Akwai mai amfani da hasken infirared, irin na rimot ɗin talabijin, akwai kuma mai amfani da siginar rediyo, wanda za ka ga an rubuta 2.4GHz ko 2.4G a kwalinsa.

Infirared haske ne da idon mutum ba ya gani. Rimot ɗin yana ƙyafta shi, wani ɗan ido a jikin jirgin yana karantawa. Matsalar ita ce rana ma tana zubo irin wannan hasken, kuma nata ya ninka na rimot nesa ba kusa ba. Kamar ka tsaya kusa da injin niƙa kana yi wa mutum raɗa ne. Shi ya sa jirgin ɗan yayana ya kurmance da ya shiga rana. Ko a cikin ɗaki ne, idan rana na kwararowa ta taga za ka ga yana 'yan gardama. Ga shi kuma ba ya nisa, kimanin mita 10 ne, kuma dole ya kasance babu abin da ya shiga tsakanin rimot da jirgi.

Shi kuwa 2.4GHz, zangon da Wi-Fi da Bluetooth na wayarka ke aiki a kai ne. Rana ba ta dame shi ba, yana nisa sosai fiye da infirared, kuma yara da yawa za su iya tayar da nasu a wuri ɗaya ba tare da rimot ɗin wani ya ja jirgin wani ba.

Idan kwalin bai faɗa ba, wayarka za ta faɗa maka. Duba goshin rimot ɗin. Idan ka ga 'yan ƙananan ƙwayaye kamar na tocila, ko wani baƙin gilashi ya rufe wurin, kunna shi ka haska kyamarar waya a kai. Idan ka ga haske mai ruwan shanshanbale yana ƙyaftawa a fuskar wayar, to infirared ne. Wasu wayoyin kyamarar bayansu na tace wannan hasken, sai ka gwada da ta gaba. Za ka iya fara gwadawa da rimot ɗin talabijin ɗinku yanzu ka ga yadda abin yake.

Hukuncin a nan ba shi da wuya: duk mai infirared na ɗaki ne, ko me aka rubuta a kwali.

NA BIYU: NAUYI DA ISKA

Wani zai ce, to shi ke nan, in sayi mai 2.4GHz in fita da shi. A'a, da saura. Siginar ta warware maganar rana, ba ta taɓa maganar iska ba.

Ɗauki Syma S107G, wanda yana cikin ƙananan da suka fi yaɗuwa a duniya. Tsawonsa kimanin santimita 22 ne, nauyinsa bai kai gram 50 ba, wato ƙwan kaza ɗaya ya fi shi nauyi. Kamfanin ya fitar da ƙaninsa S107H mai 2.4GHz, har da tsarin da ke riƙe masa tsayi idan ka saki hannu. Amma jikin ɗaya ne, ƙarfin ma kusan ɗaya ne. Gudunsa na gaba bai wuce tafiyar mutum a ƙasa ba. Lissafin mai sauƙi ne: idan iska ta fi jirgi gudu, ko ka danna gaba har ƙarshe, baya zai riƙa yi. Kana kallo zai tafi.

Nan ma wayarka na da amfani. Manhajar hasashen yanayi tana nuna gudun iska, haka ma manhajar Windy. Iskar da ke gudun kilomita 6 zuwa 11 a awa ita ce wadda kake ji a fuska, ganye na ɗan motsi. Wannan kaɗai ta ishi jirgin gram 40 wahala. Daga kilomita 12 zuwa 19, lokacin da ganye da ƙananan rassa ba sa daina kaɗawa, sai jirgi mai jiki da ƙarfin inji. Mu da muke da hunturu, watanni ake yi iska na busawa da ƙura, ga kuma guguwar farkon damina. Wanda ya sayi ƙaramin jirgi da niyyar fili, ranakun da zai samu ya tayar da shi a shekara ba su da yawa.

NA UKU: 3CH, 4CH KO 6CH?

Waɗannan lambobin suna gaya maka yawan motsin da za ka iya sarrafawa ne.

3CH: sama da ƙasa, juyawa hagu da dama a tsaye, sai gaba da baya. Ba ya zamewa gefe. Yawancinsu farfela biyu gare su, ɗaya a kan ɗaya, suna juyawa a saɓanin juna. Wannan saɓanin ne ke hana jikin jirgin wulwulawa, shi ya sa yake tsayawa cak a iska kamar an rataye shi. Tsarin farfela biyu ba abin rainawa ba ne, shi ne a jikin helikwaftocin Kamov na Rasha, shi ne kuma a jikin Ingenuity, ɗan jirgin hukumar NASA da ya fara tashi a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilu, 2021. Raunin na wasan yana wurin 'yar ƙaramar farfelar da ke kwance a bindi, wadda ita kaɗai ce ke ɗan karkata shi ya yi gaba ko baya. Ba ta da ƙarfin ja da iska. Kuma idan iska ta bugo shi daga gefe, ba ka da maɓallin da za ka mayar da martani da shi, sai ka juya hancin tukuna, kafin nan ya yi nisa.

4CH: duk na sama, da ƙarin zamewa hagu da dama. Mafi yawansu babbar farfela ɗaya gare su da ƙarama a tsaye a bindi, kamar helikwaftan gaske da muka saba gani. Sun fi sauri, sun fi jin umarni, sun kuma fi neman hannu. WLtoys V911S misali ne na ƙaramin 4CH, ya dace da babban falo, zaure mai faɗi ko waje lokacin da iska ta kwanta. V912 na kamfanin ya fi shi girma, tsawonsa ya kai kusan rabin mita, shi kam na fili ne, kada ma ka gwada shi a ɗaki.

6CH: a nan fuka-fukan farfelar kansu suna sauya kwana, za ka ga an rubuta CP ko 3D. Su ne masu tashi a kife, masu alkafura a sama, irin waɗanda kake gani a bidiyon YouTube da TikTok. XK K110 ƙarami ne a cikinsu, manyan kuma irin su T-Rex na kamfanin Align. Waɗannan sun fita daga sahun kayan wasan yara.

TO TSAKAR GIDA FA?

Na san tambayar da ke ran mutane da yawa ke nan, domin masu rubuta bayanin kwali ba su san da irin gidajenmu ba. Su a wurinsu ko dai ɗaki ko fili. Mu kuwa rabin rayuwarmu a tsakar gida take.

A ganina, a wurin jirgin 3CH, tsakar gida waje ce. Rana na shigowa. Iska kuma idan ta bugi katanga tana murɗawa ne ta gangaro, sai ka ji ƙasa shiru amma da jirgi ya kai tsayin katanga sai a fizge shi. Ƙara da igiyar shanya, wayar lantarki, bishiyar darbejiya, rijiya ko baho cike da ruwa, murhu, da yara ƙanana masu gudu su cafke duk abin da ke tashi. Sannan bayan katangar nan gidan mutane ne. Ba kullum za ka riƙa sallama kana neman izinin shiga gidan matan aure don ɗauko jirgi ba, ranar farko za a yi dariya, ta uku fuska za ta sauya.

Idan dole sai tsakar gidan, to ya zama mai 2.4GHz, da sanyin safiya ko dab da magariba lokacin da ganye ba ya motsi, kuma kada ya wuce tsayin kafaɗarka.

MASU CEWA A SAYI BABBA TUN FARKO

Akwai masu cewa sayen ƙarami asarar kuɗi ce, tunda bayan wata biyu za ka gaji da shi ka nemi babba, gara ka haɗa kuɗin ka sayi babban gaba ɗaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Jirgin 3CH yana da iyaka, wanda ya iya shi zai fara jin ya yi masa kaɗan. Har ma wasu na cewa yana koya wa hannu saba da ba za ta yi amfani a 4CH ba, domin a 4CH sandar hagu ce ke juya hanci, ta dama kuma ta zamewa ce, alhali a yawancin 3CH juyawar tana hannun dama.

Duk da haka ban sauya ra'ayi ba, ga dalilaina.

Duk mai koyo sai ya faɗi da jirgi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Abin tambaya shi ne nawa kowace faɗuwa za ta ci maka. Jirgin gram 40 idan ya bugi kujera ya faɗo kan kafet, ɗauka za ka yi ka ci gaba. Mai rabin mita idan ya daki ƙasa, sai farfela, sai giya, wani lokacin har sandar da ke juya farfelar ta lanƙwashe. Kayan gyaran nan kuma ba a kowace kasuwa ake samunsu ba, sau da yawa sai ka yi oda daga waje ka zauna jiran makonni. Nawa ne suka sayi babba, suka tayar sau ɗaya, yau yana kan durowa yana shan ƙura?

Sai maganar rauni. Farfelar ƙaramin idan ta taɓa yatsa zafi za ka ji, ko da yake ido kam ko ƙaramin ba ya ragawa. Manyan kuwa, farfelar ajin 450 faɗinta ya kai kimanin santimita 70, ta ajin 700 ta kai mita ɗaya da rabi, kuma da gudun tsiya take juyawa. A watan Satumban 2013, a birnin New York na Amurka, wani matashi ɗan shekara 19 da ya ƙware a wannan wasa ya rasa ransa bayan babban jirginsa ya sare shi a ka. Gwani ke nan, ina ga ɗan koyo a filin ƙwallon unguwa da yara suka kewaye shi?

Abin da ƙaramin ke koya maka kuma ba ya ɓacewa: tausasa hannu a kan sandar tashi, da sanin cewa idan hancin jirgi ya juyo yana kallonka, hagunka ta zama damarsa. Wannan ruɗanin shi ke kayar da mafi yawan masu koyo, kuma gara ka warware shi a falo. Da rarrafe yaro kan tashi.

Sassaucin da zan yi ɗaya ne. Babban mutum ko saurayi mai haƙuri, wanda ya san fili yake hari, zai iya tsallake 3CH ya fara da ƙaramin 4CH mai na'urar daidaita kai, wadda ake rubuta wa 6G ko 6-axis a kwali. Shi ma dai ƙarami, shi ma a fara a rufaffen wuri mai faɗi.

IDAN NA ƊAKI KA SAYA

Kashe fanka, ta sama da ta ƙasa, da na'urar sanyaya ɗaki. Fankar silin ita ce babbar makashiyar waɗannan jirage. Saki labule idan mai infirared ne. Kawar da kofuna, ka nisanci talabijin. Kada ka bar shi yana jan ciki a ƙasa, iskar da yake turawa tana dawowa ta rikita shi, ɗaga shi zuwa tsayin gwiwa ko ƙugu zai natsu. Kada kuma ka kai shi dab da silin, zuƙe shi yake yi ya manne. Da ka ga zai yi karo, sauke sandar tashi gaba ɗaya, farfelar da ta tsaya ba ta cika karyewa ba, kuma injin ba zai ƙone ba. Yara mata masu kitso ko gashi a sake su ja baya, farfela na naɗe gashi. Kwalaye da yawa an rubuta shekara 14 zuwa sama, idan yaron bai kai ba, babba ya zauna tare da shi.

IDAN NA FILI KA SAYA

Ka tabbata 2.4GHz ne, 4CH ne aƙalla, kuma yana da jiki. Idan kuɗinka sun kai, nemi mai injin da ba shi da buroshi a ciki, ya fi ƙarfi ya fi daɗewa. Kafin ka biya, rubuta lambar samfurin a wurin bincike ka ga ko ana sayar da farfelarsa, giyarsa, injin bindinsa da batirinsa daban. Jirgin da ba shi da lambar samfuri, sai dai wani suna mai daɗi da hoton wuta a kwali, ranar da ya karye ranar ya mutu. Ka kuma lura da haruffan nan: RTF na nufin komai na ciki har da rimot, BNF kuwa babu rimot a kwalin. Mutane na ganin BNF ya fi araha su yi oda, kaya su iso babu abin tuƙi.

A fili, shimfiɗa kwali ko tabarma ka tashi daga kai, domin yashi da ƙura na shiga giya su cinye haƙoranta. Tsaya a bayan jirgin, bindinsa na kallonka, iska kuma na bugo hancinsa. Mutane su koma bayanka.

Kada ka manta da hukuma. A Amurka duk jirgin da ya haura gram 250 sai an yi masa rajista, kuma ba a wuce tsayin ƙafa 400, wato kimanin mita 120. A Najeriya, tun 2016 hukumar NCAA ta sanar cewa tayar da jirgi marar matuƙi a sararin samaniyar ƙasar na buƙatar izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. A halin tsaron da ake ciki, jami'in da ya hango abu na shawagi kusa da bariki, filin jirgin sama, ofishin 'yan sanda ko gidan gwamnati ba zai tsaya tambayar ko na wasa ne ba. Ka yi nesa da irin waɗannan wurare, musamman idan jirgin na da kyamara. Wannan ma wani dalili ne da ya sa na ɗaki ya fi kwanciyar hankali.

BATIR: NA ƊAKI DA NA FILI DUK ƊAYA NE

Kusan dukkansu batirin LiPo suke amfani da shi. Ƙananan suna ba ka minti 5 zuwa 8 a sama, cajin kuma ya ci minti 40 ko fiye. Ka gaya wa yaro wannan tun kafin a buɗe kwali, don kada ya zaci ya lalace. Idan ka samu mai batirin da ake cirewa, sayi biyu ko uku na ƙari.

Da ka ga jirgi ya fara kasa ɗagawa, sauke shi, tatse batirin har ƙarshe yana kashe shi. Bar shi ya huce kamar minti 10 kafin ka sa caji. Kada ka sa caji ka fita ko ka kwanta barci, kada ka ɗora shi a kan katifa, kada ka bar shi a mota cikin zafin rana. Yi amfani da wayar cajin da ta zo da shi. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, kada ka huda shi, kada ka sake caja shi, wuta yake kamawa.

Shi ɗan yayan nawa, daga baya na samo masa farfela da sandar bindi aka gyara jirgin. Yanzu a falo yake tayar da shi, fanka a kashe, labule a sake, har ya iya sauke shi a kan faifai. Kullum sai ya tambaye ni yaushe za a sayo na fili. Na ce masa ranar da ya iya dawo da jirgin gabansa, hancin na kallonsa, sau goma a jere ba tare da ya bugi komai ba.

Wanda ya taɓa saye, ya gaya mana wane iri ne da inda yake tayar da shi, don na baya su amfana. Allah ya sa mu dace.